Tagwaye ko Lissafi: Gardamar Ranar da Faifai Ya Mutu

Wani Alhaji mai ɗakin tace finafinai a Kano ya taɓa kirana da rana tsaka, ransa a ɓace. Fayafayan ajiya shida ya sayo, kowanne terabait 8, amma yaron da ya haɗa masa na'urar ya nuna masa cewa wurin zuba kaya terabait 24 ne kacal. Ya ce: "Malam, ni ɗan kasuwa ne. Takwas sau shida arba'in da takwas ne tun muna firamare. Ina sauran ashirin da huɗun suka shige?" Na ce: "Alhaji, babu inda suka je, suna nan suna gadin 'yan'uwansu." Yaron tagwaye ya yi masa. Ya raba fayafayan biyu-biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai a rubuta irinsa a abokinsa, ta yadda in ɗaya ya mutu da tsakar dare, da safe masu tace fim za su ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. Wannan shi ake kira madubi.

Alhaji bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin tambayar da ya yi ita ce masana suka shafe shekaru suna ja-in-ja a kanta. A 1988 wasu masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar da maƙalar da ta raɗa wa dabarar suna RAID: a tara ƙananan fayafayai masu araha su yi aikin babba guda mai tsada, a kuma saka musu kariya don mutuwar ɗaya kada ta ja sauran. Madubi shi ne mataki na farko a jerinsu. Wata hanyar kuwa lissafi ce. Mai shago da ya rubuta 7 da 5 da 9 a littafinsa, ya ja layi ya rubuta jimla 21, ko ruwa ya goge biyar ɗin zai dawo da ita, don ya san abin da ya rage in aka cire 7 da 9 daga 21. Haka na'ura ke yi, sai dai da nata irin lissafin. Maimakon a kwafe komai sau biyu, sai a ware wurin faifai ɗaya ko biyu don ajiye jimlar. Da wannan hanya, fayafayan Alhaji shida za su ba shi terabait 32, kuma kowaɗanne biyu suka mutu a cikinsu kayansa na nan.

Zan yi maganar ne a kan tsarin ZFS, don shi na fi sani, shi ne kuma ke cikin yawancin na'urorin da gardamar ta fi zafi a kansu. Jeff Bonwick da Matthew Ahrens suka fara gina shi a kamfanin Sun Microsystems a 2001, ya fito fili a 2005, yau kuma yana rayuwa da sunan OpenZFS a kan Linux da FreeBSD. Abin da ya bambanta shi da tsohon RAID shi ne kowane gutsuren bayani da ya rubuta yana da lambar shaida da aka ajiye a wani wuri daban. Tsohon madubi in ya tarar da tagwayen sun saɓa, ba shi da hanyar sanin wa ke da gaskiya. ZFS kuwa zai auna kowanne da lambar shaidar, ya ɗauki mai kyau, ya gyara gurɓataccen ba tare da an ce masa ya yi ba. A cikinsa hanyar lissafi sunanta RAIDZ: RAIDZ1 na jure mutuwar faifai ɗaya, RAIDZ2 biyu, RAIDZ3 uku.

Masu goyon bayan madubi ba sa fara hujjarsu daga ranar sayayya. Daga ranar mutuwa suke farawa, kuma a nan suke da ƙarfi. Idan faifai ya mutu aka saka sabo, dole a cika shi da abin da ke kan tsohon. Turawa na kiran wannan aiki da kalmar da masu gyaran madubin gilashi ke amfani da ita in za su sake shafa masa azurfa a baya. A madubi aikin kwafi ne zalla: a karanta daga ɗan tagwayen da ya rage, a rubuta a sabo, sauran fayafayai huɗun babu ruwansu. Faifai mai terabait 8 da ya cika, in ana kwafe megabait 150 a daƙiƙa, awa 15 ne ko ƙasa kaɗan. A RAIDZ kuwa, kafin a haifar da gutsure ɗaya sai an tashi sauran fayafayan rukunin an karanto nasu an yi lissafi. Duk gidan ne ke aikin, kuma in rumbun, wato duk fayafayan a haɗe, ya tsufa, kaya sun warwatse a cikinsa, abin kan kai kwanaki. Duk tsawon wannan lokaci masu aiki na kukan na'ura ta yi nauyi, kai kuma mai kula da ita ba ka barci da ido biyu.

Hujjarsu ta biyu sauri ne. Kowane rukuni a ZFS, wajen ƙananan rubuce-rubuce masu tsalle-tsalle, kusan ƙarfin faifai ɗaya gare shi. Tagwaye uku rukuni uku ne, RAIDZ2 mai fayafayai shida kuwa rukuni ɗaya ne. Ga asibiti ko makaranta da mutum hamsin ke buɗe rajista ɗaya a lokaci guda, bambancin a fili yake.

Ta ukun ita ta fi shiga ran mai ƙaramin ƙarfi: girma a hankali. Mai madubi in wuri ya cika, fayafayai biyu zai saya ya ƙara rukuni. Ko ya canza tagwaye ɗaya da manya, ɗaya bayan ɗaya, wurin ya buɗe. Mai RAIDZ da ke son ƙarin wuri ta hanyar canji sai ya canza duka shidan kafin ya ga ƙarin ko da gigabait ɗaya. Shekara da shekaru ba a ma iya ƙara faifai guda a cikin rukunin RAIDZ, sai da OpenZFS 2.3 ya fito a Janairun 2025. Madubi kuma tun 2019 ana iya cire rukuninsa daga rumbu in an yi kuskure wajen ƙarawa, abin da RAIDZ ba ya yarda da shi. Ga wanda kuɗinsa ke zuwa kaɗan-kaɗan, farashin kaya kuma na bin dala, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: madubi yana da sauƙin fahimta. Yaron shago da aka bar wa na'ura ranar da oga ya yi tafiya zai gane "wannan kwafin wancan ne" cikin minti ɗaya, kuma mutum ba ya cika ɓata abin da ya fahimta.

To, sai masu lissafi su ce: mun ji, amma ku tsaya a kan awa goma sha biyar ɗin nan taku. A cikinta mene ne ke kare kayan? Babu. Ɗan tagwayen da ya rage shi kaɗai ne a duniya ke riƙe da rabonsa, kuma a ZFS in rukuni ɗaya ya faɗi, rumbun gaba ɗaya ya tafi, har da abin da ke kan tagwayen da lafiyarsu ƙalau. In faifai na biyu zai mutu cikin biyar ɗin da suka rage, akwai damar ɗaya cikin biyar ya zama shi ne. RAIDZ2 kuwa ko wanne ne ya biyo baya, yana tsaye.

Kuma ɗaya cikin biyar ɗin ma sassauci ne, don mutuwar fayafayai ba ƙuri'a ba ce. Tagwayen nan galibi kwali ɗaya suka fito, rana ɗaya aka kunna su, zafi ɗaya suka sha, rubutu iri ɗaya aka yi musu, sannan wanda ya rage shi ake ɗora wa karatun dare da rana daga farko har ƙarshe. A 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗin cewa wasu fayafayansa na SSD suna da kuskure a manhajar cikinsu da zai sa su mutu da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8. Duk waɗanda aka kunna tare, tare za su tafi. Irin wannan ba ya barin madubi ba ya barin RAIDZ, amma ya nuna cewa wanda ya sayi tagwaye daga kwali ɗaya bai raba ƙafa ba kamar yadda yake zato.

Suna da wata hujjar da ta fi wannan dabara. Ba sai faifai ya mutu ɗungurungum ake asara ba. Masu ƙera fayafayan gida kan rubuta a takardarsu cewa ana iya samun wuri ɗaya da zai ƙi karantuwa a cikin kowane bit tiriliyan 100, wato kimanin terabait 12.5. A aikace fayafayai da yawa sun fi haka nagarta, lambar iyaka ce kamfani ya ɗaukar wa kansa. Amma ka duba kusancinta da terabait 8 da za ka karanta daga faifai tilo. A kan wannan lissafi Robin Harris ya rubuta a 2007 cewa RAID 5, mai jure mutuwar faifai ɗaya kacal kamar RAIDZ1, zai daina amfani a 2009. In aka ci karo da irin wannan wuri ana cikin cika sabon faifai, madubi mai biyu ba shi da inda zai waiwaya. ZFS ba zai watsar da rumbun ba, zai gama aikinsa ya ba ka sunan fayil ɗin da ya lalace, wanda alheri ne babba in aka kwatanta da wasu tsofaffin na'urori. Amma fayil ɗin ya tafi. RAIDZ2 da ya rasa faifai ɗaya har yanzu yana da jimla ta biyu a hannu, zai gyara wurin ya wuce, ba ma za ka sani ba sai ka duba rahoto.

Sai kuɗi. Terabait takwas da ke tsakanin 24 da 32, in Alhaji ya neme su, ba son zuciya ba ne, faifai guda ne cur da ya biya kuɗinsa. A fayafayai huɗu ma abin ya fi ban mamaki: tagwaye biyu da RAIDZ2 wuri ɗaya suke bayarwa, rabi-rabi, amma tagwayen na da damar ɗaya cikin uku ta rushewa a mutuwa ta biyu, RAIDZ2 ba shi da ita. Masu madubi kan amsa da cewa a yi 'yan uku mana, kowane gutsure a wuri uku. Gaskiya ne babu abin da ya kai wannan kwanciyar hankali, amma fayafayan Alhaji shida sun koma terabait 16 ke nan, kuma ban san bakin da zan gaya masa haka da shi ba.

RAIDZ1 a kan manyan fayafayai ba na ma sa shi cikin gardamar. Ya haɗa jinkirin lissafi da tsiraicin madubi.

Akwai wurin da ɓangarorin biyu ke haɗuwa, kuma nan ne na fi ganin ana asara: hannun mutum ranar canji. Na ga haka da idona a wani ofis da aka kira ni bayan aikin gama ya gama. Faifai ɗaya cikin tagwaye ya fara ciwo, yana aiki amma yana tara kurakurai. Mai kula da na'urar, yaro mai ƙoƙari, ya zare shi, ya saka sabo, ya miƙa tsohon ga wani ya goge don a yi amfani da shi a wata kwamfutar. Washegari da kwafi ya kusa ƙarewa, sai ga ɗan tagwayen da ake ganin lafiyayye shi ma yana da wuraren da ba sa karantuwa. Na zauna gaban allon, fankar na'urar na huci, ƙurar hunturu ta yi fari a bakin ramukan iskarta, na buga zpool status -v, sai ga sunayen fayiloli uku a ƙasa. Yaron ya ce: "Yaya, babu yadda za a yi?" Da tsohon faifan na nan, da wataƙila akwai, domin da wuya wuraren da suka lalace a kansa su zama su ne suka lalace a kan ɗan'uwansa. An saki reshe an kama ganye.

Ƙa'idar ita ce, muddin marar lafiya na numfashi kuma akwai gurbin da za a soka sabo, ba a zare shi. A madubi sai a liƙa sabon da zpool attach su zama uku, a jira kwafi ya kammala, sannan a sallami tsohon da zpool detach. Umarnin zpool replace ma, in aka ba shi tsoho da sabo duk suna haɗe, yana riƙe tsohon har sai sabon ya cika, kuma wannan na aiki a RAIDZ. Kafin a taɓa komai a rubuta lambar da ke jikin faifan a takarda, a gwada ta da wadda na'ura ta nuna, harafi da harafi, domin sunaye irin sda da sdb kan sauya in aka sake kunna na'ura, kuma wanda ya zare lafiyayye ya bar matacce ya kashe rumbunsa da hannunsa. Sabon faifai kada ya gaza tsohon girma. A kuma duba irinsa: a 2020 ta bayyana cewa wasu fayafayan WD Red masu terabait 2 zuwa 6 suna amfani da fasahar SMR, inda layukan rubutu ke hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, ta yadda gyara layi ɗaya ke tilasta sake rubuta maƙwabtansa. Masu ZFS da dama sun ga kwafin da ya kamata ya ɗauki awoyi yana cin kwanaki. Mai neman faifan canji ya tambayi CMR, wanda layukansa ba sa hawa kan juna.

Yaushe ake canzawa? A nan ma ana gardama, wasu na cewa a bar faifai ya ci kuɗinsa har ya faɗi. Binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 a kan fayafayai sama da 100,000 ya ba kowane ɓangare abin riƙewa. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a binciken fuskarsa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Sun kuma gano cewa kimanin kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba a ma'aunin lafiyar da ake kira SMART. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, in ya yi tari a saurare shi, amma shirunsa ba shaidar lafiya ba ce. Shi ya sa zpool scrub, wato bin kowane gutsure ana auna shi da lambar shaidarsa, ya kamata ya zama aikin kowane wata. Da ofishin can na yin haka, da an gano raunin faifai na biyun tun abokinsa na da ƙarfin gyara shi.

Ni dai zuciyata na wajen madubi, don na ga yadda sauƙinsa ke ceton mutane. Amma da na zauna na auna da yanayinmu, sai na ga akwai abin da masu madubi ke tsallakewa. Lissafinsu na awa 15 ya ginu ne a kan cewa sabon faifai na cikin durowa. A wurare da yawa da na shiga, ba ya nan. Sai an rubuta takarda, oga ya sa hannu, an aika Legas ko an jira mai zuwa daga waje, kaya su iso a tarar ba irinsa ba ne. Tsiraicin da aka ce na awoyi ne ya zama na mako biyu, a garin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, janareta na karɓa yana saki. ZFS ba ya rubutu a kan tsohon gutsure, sabon wuri yake nema sannan ya juya alama, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika rikita shi ba, kwafin ma yana ci gaba in wuta ta dawo. Amma ƙarfen da ke juyawa a ciki ba ya son kashewa da kunnawa, tsoho kuma wani lokaci in ya kwanta ba ya sake tashi. A irin wannan jira, saurin kwafin madubi bai taka kara ya karya ba. Abin da ke amfani shi ne kariya ta biyu da ke tsaye tun daga daren farko.

Saboda haka na ce wa Alhaji, kwamfutar da ake tace fim a kanta kullum a bar ta da tagwaye, daga kamfani biyu daban in ya samu. Rumbun da ake jibge tsofaffin ayyuka kuwa, manyan fayilolin bidiyo da ake rubutawa sau ɗaya a daɗe ba a taɓa ba, a mai da shi RAIDZ2, ya karɓi terabait ɗinsa 32. Da rumbun rajistar asibiti ne, da na ce a bar tagwayen a sayi na bakwai a ajiye, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ya yi murna da takwas ɗin da ya samu, har sai da na gaya masa sauran maganar.

Sauran maganar ita ce babu ɗaya cikin biyun da ke hana asarar da ta fi yawa. Madubi mai biyayya ne: ka goge fayil bisa kuskure, ya goge a duka biyun a daƙiƙa guda. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin da hannunsa bisa kuskure, suka rasa aikin kusan awa shida, alhali babu faifan da ya mutu. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH a Strasbourg ta Faransa, tagwaye da masu lissafi suka ƙone a ɗaki ɗaya. Hoton rumbu da ZFS ke iya ɗauka a kowace awa na maganin kuskuren hannu, amma ba ya maganin wuta ko ɓarawo ko ruwan da ya ɓallo ta rufi a watan Agusta. Wannan sai kwafi na daban, a wani gini daban, wanda aka taɓa gwada dawo da kaya daga cikinsa aka ga ya yi.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce: "Wato dai sai na sake sayen wasu." Na ce: "Ƙwarai, Alhaji, kuma a gida za a ajiye su, ba a nan ba." Kai ma mai karatu, in akwai irin wannan na'ura a hannunka, ka je yau ka buga zpool status ka ga ranar da aka yi mata bincike na ƙarshe, sannan ka buɗe durowa ka duba ko akwai faifan canji a ciki.